Ƙwarin Gona, Masu Gyara da Masu Ɓarna

In damina ta yi tsakiya, wajen watan Agusta, gonakin ƙasar Hausa su kan yi kyan gani. Gero ya fid da kai, dawa ta yi tsawo, wake kuwa ya yaɗu a tsakanin kunyoyi. Wanda ya tsaya a bakin hanya ya hanga, sai ya ce ba kowa cikin gonar in ban da manomi da 'ya'yansa. Amma in ya shiga ya tsuguna, ya ɗaga ganye ɗaya, ya tona ƙasa kaɗan da yatsa, zai tarar gonar nan cike ta ke da masu rai. Waɗansu suna tashi, waɗansu suna rarrafe, waɗansu kuwa saboda ƙanƙanta ido ba ya ganinsu ko kaɗan. Cikinsu akwai masu taimakon manomi, akwai kuma masu cin guminsa. Abin da zai shiga rumbu da kaka ya rataya ga ruwan sama da ƙarfin fartanya, ya kuma rataya ga waɗannan ƙananan halittu. Saboda haka ya kamata kowane ɗan manomi ya san su, ya iya rarrabe aboki da maƙiyi.

Mene Ne Ƙwaro?

Ga masana, ba kowane ƙaramin abu mai motsi ne ƙwaro ba. Ƙwaro na ainihi yana da ƙafa shida, jikinsa kuwa ya kasu uku, watau kai da ƙirji da ciki. Fara da ƙudan zuma da tururuwa da gara duk haka su ke. Gizo-gizo ƙafarsa takwas, saboda haka ba a lissafa shi cikinsu. Irin ƙwarin da masana suka ba suna sun kai wajen miliyan ɗaya, kuma kowace shekara ana samun sababbi.

Yawancinsu su kan sāke kama sau da yawa kafin su girma. Uwa ta kan saka ƙwai a kan ganye. Ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsa ta fito, ba ta da aiki sai ci. In ta ƙoshi ta girma, sai ta kwanta cikin ɗan kwanso, ko a ganye ko a cikin ƙasa, ta yi shiru kamar ta mutu. Bayan 'yan kwanaki kwanson ya tsage, ƙwaro mai fiffike ya fito. Ta haka malam-buɗe-littafi ke samuwa, da danginsa masu yawo da dare, waɗanda ke taruwa wajen fitila. Mutum ya ga malam-buɗe-littafi da kyawawan fukafukai, ba zai zaci shi ne tsutsar da ta cinye masa ganyen yakuwa ba. Fara kuwa ba ta bin wannan hanya. 'Ya'yanta su kan fito da kamannin uwarsu, sai dai ba su da fiffike tukuna.

Masu Kai Saƙon Fure

Fure ba ya zama ɗa sai wani lallausan gari ya tashi daga sashen namiji na fure ya sauka a kan sashen mace. Wannan gari shi ne a ke gani yana tashi daga kan gero lokacin bununi. Gero da masara iska ce ke ɗaukar musu shi. Wake da gyaɗa kuwa, yawanci kowane fure ya kan wadatar da kansa da kansa.

To, amma akwai shuke-shuken da garin furensu yana da nauyi da danƙo, iska ba ta iya ɗaukarsa. Kabewa da kankana da duma suna cikinsu. In yaro ya duba yaɗon kabewa da sassafe, zai ga fure iri biyu. Ɗaya yana bisa siririn kara, shi ne namiji. Ɗayan yana da ɗan ƙulli a gindinsa kamar 'yar kabewa, shi ne mace. Tsakaninsu da tazara, ba kuwa mai iya tafiya wajen ɗan'uwansa. Sai fure ya tanadi ruwa mai zaƙi a can cikinsa, ya yi launi mai haske, ya ba da ƙamshi. Ƙudan zuma ya hango, ya zo shan zaƙi, garin ya manne a gashin jikinsa. Da ya shiga furen mace sai garin ya goge a can, 'yar kabewar nan ta kama girma. In ba wanda ya kawo mata garin, sai ta yi rawaya ta faɗi.

Ciniki ke nan na cuɗe ni in cuɗe ka. Fure ya ba da abinci, ƙudan zuma ya kai saƙo. Furen duma fari ne, da yamma ya ke buɗewa, domin masu kai saƙonsa ƙwarin dare ne. Mangwaro ya kan sami taimakon ƙudaje da ƙudan zuma. Kuka kuwa jemagu ne ke ziyartar furenta cikin duhu. Riɗi da auduga suna iya yin 'ya'ya su kaɗai, amma su kan ƙara yawa in ƙudan zuma na kusa. Masana sun lissafa manyan irin amfanin gona na duniya, suka tarar wajen kashi uku cikin huɗu suna amfana da irin waɗannan 'yan aike. Ashe wanda ya ɗora amya a kan itacen gefen gonarsa riba biyu ya ke ci, ga zuma ga yawan amfani.

Masu Ɓarna

Cikin maƙiyan gona ba wadda aka fi tsoro tun zamanin kakanni kamar fara. Farar hamada ta kan zauna ɗai ɗai ba ta damun kowa. In aka yi ruwa mai yawa a hamada, ciyawa ta tsiro, sai ta hayayyafa. Sa'an nan in ciyawar ta fara bushewa, sai su matsu wuri guda, launinsu ya sāke, halinsu ya sāke, su tashi gaba ɗaya kamar hadari. Kowace fara tana cin abin da ya kai nauyin jikinta a yini, watau wajen giram 2. Wannan kaɗan ne, amma taron da ya rufe fili mai tsawon kilomita ɗaya da faɗin kilomita ɗaya ya kan kai fara miliyan 40, abin da za su ci a yini kuwa ya isa mutum 35,000. A shekarar 2004 fara ta sauka a ƙasashen bakin hamada, har da Nijar. Ga kuma ƙarancin ruwan sama a wannan damina. Shekarar da ta biyo, watau 2005, mutane da dabbobi suka sha wuyar yunwa ƙwarai.

Ba girman jiki ke sa ɓarna ta yi yawa ba. Akwai wani ɗan ƙwaro baƙi, bai kai ƙwayar gero ba, wanda ke taruwa a ƙarƙashin ganyen wake da gyaɗa. Bakinsa kamar allura ya ke, da shi ya ke tsotse ruwan ganye, ya bar wani danƙo mai zaƙi da a ke kira darɓa. Kiyashi na son wannan zaƙi, har su kan yi gadin ƙwarin kamar yadda makiyayi ke gadin shanunsa. Tsotson ma da sauƙi. Babbar ɓarnarsa ita ce ɗaukar cuta daga wannan shuka zuwa waccan, kamar yadda sauro ke ɗaukar zazzaɓi tsakanin mutane. Gyaɗar da ta kamu sai ta tsumbure, ganyenta ya dunƙule, ta ƙi yin 'ya'ya. A shekarar 1975 wannan cuta ta halaka gyaɗa a gonakin da suka kai wajen hekta 700,000 a arewacin Nijeriya. Tana cikin dalilan da suka sa dalar gyaɗa ta Kano, wadda dā a ke hangowa daga nesa, ta ɓace.

Gero ma yana da nasa maƙiyi, tsutsar da manoman Nijar ke kira murzuna. Uwarta ta kan saka ƙwai da dare a kan gero lokacin da ya ke fid da kai. Tsutsar ta bi zangarniya tana ci tana kewayawa, ta bar tabo kamar an naɗa igiya. In ta ƙoshi sai ta sauka ta shige ƙasa, ta kwanta can rani duka, tana jiran wata damina. Wake kuwa wata tsutsa ce ke shiga furensa da kwansonsa, ta ci daga ciki. A shekarar da ta yi yawa, manomi na iya rasa mudu takwas cikin goma.

Akwai kuma baƙi daga ƙetaren teku. A 2016 aka fara ganin wata tsutsa 'yar asalin nahiyar Amurka tana cin zuciyar masara a Nijeriya, cikin 'yan shekaru kuwa ta game yawancin ƙasashen Afirka. A wannan shekara dai wata ƙaramar tsutsa daga Amurka ta Kudu ta cinye tumatir a lambunan Kano da Kaduna, har tumatir ya gagari talaka a kasuwa. Abin da ke sa baƙon ƙwaro ya yi ƙarfi haka, shi ne ya baro masu cinsa a can ƙasarsu.

Masu Farauta

Da ba don masu cin ƙwari ba, da ba a girbe kome ba a duniya. Shamuwa da balbela su kan bi gona suna tsintar fara. Gizo-gizo ya kafa tarkonsa tsakanin karare. Ƙoƙi-ƙoƙi ya laɓe cikin ganye, hannuwa a naɗe, yana jiran mai tsautsayi. Akwai wani ɗan ƙwaro ja mai ɗigon baƙi, kamar an kifa rabin ƙwayar wake, wanda abincinsa ƙwarin darɓa ne, shi da 'ya'yansa. Zanzaro ma, da ke gina ɗakin laka a jikin bango, ma'aikaci ne. Wanda ya fasa ɗakin wani irin zanzaro zai tarar da tsutsotsi a jere. Uwar ce ta kamo su, ta harbe su suka sandare, ta ajiye wa ɗanta abinci.

Masana aikin gona sun lura da wannan hali, suka ce bari a yi wa manomi aiki da shi. Akwai wani ɗan mitsitsin dangin zanzaro, tsawonsa bai wuce milimita 3 ba, ba ya harbin mutum. Macen ta kan nemi murzuna ta harbe ta, ta saka ƙwai a jikinta. 'Ya'yan su ƙyanƙyashe su cinye tsutsar, su kuma su tashi neman wata. Abin da ke hana shi yawa shi ne rani, gama in gero ya ƙare ba ya samun abinci isasshe. Saboda haka tun daga 2006 ma'aikatan cibiyar binciken aikin gona ta Nijar da ke Maraɗi, tare da takwarorinsu na Mali da Burkina Faso, suka shiga kiwonsa suna kai wa ƙauyuka.

Ga yadda a ke yi. A kan sami 'yan ƙananan buhunan algarara, a zuba gero kaɗan, a sa waɗansu tsutsotsi da ɗan zanzaron ke so, a saka mata biyu masu shirin yin ƙwai, a ɗaure baki. In gero ya fara fid da kai, sai a rataye buhuna kamar 15 a kewayen ƙauye. Bayan mako ɗaya da 'yan kwanaki sababbin 'ya'ya su fara fitowa ta ƙofofin saƙar buhun, su bazu cikin gonaki. A wuraren da aka gwada, an ga sun kashe har kashi 80 cikin 100 na murzuna. Ba kuwa gonar mutum ɗaya su ke tsarewa ba, domin ƙwaro bai san iyakar gona ba. Ƙauye duka ke amfana, har da maƙwabta.

Ma'aikatan Ƙarƙashin Ƙasa

Buzuzu ya kan mulmula kashin shanu ya binne, domin 'ya'yansa su ci. Cikin yin haka ya kai taki wajen saiwa. Gara kuwa ga gyara ga ɓarna. Tana cin rumbu da azara, wani lokaci har da shuka. Amma a jihar Tawa ta Nijar manoma sun mai da ita 'yar ƙwadago. In suna son rayar da fako, su kan haƙa ramuka da rani, faɗin kowanne kamar taƙi ɗaya ko fiye, su zuba taki cikin tafin hannu. Ana kiran waɗannan ramuka tassa. Gara ta zo neman takin, ta huda ƙasa ta yi hanyoyi. In ruwa ya sauka sai ya taru a ramin ya bi hanyoyin nan ya nutse, maimakon ya gudu. Da haka gero ya tsiro a wurin da dā ko ciyawa ba ta fitowa.

Akwai waɗanda suka fi waɗannan duka ƙanƙanta, ana kiransu bakteriya. Ba ƙwari ba ne, ba a kuwa ganinsu sai da madubin da ke ƙara girman abu. Cokalin shayi ɗaya na ƙasa mai kyau yana ɗauke da miliyoyinsu. Waɗansu na kawo cuta, amma mafi yawa aikinsu ruɓar da ganye da kara da kashin dabbobi, su mai da su abincin shuka.

In aka tuge wake mai lafiya a hankali, aka wanke saiwar, za a ga 'yan ƙulle-ƙulle manne da ita. Wanda bai sani ba sai ya ce cuta ce. A'a, gidajen wani irin bakteriya ne. Kowace shuka tana bukatar wani abu da a ke kira naitirojin, in ta rasa shi sai ganyenta ya yi rawaya. Iskar da mutum ke shaƙa kashi 78 cikin 100 naitirojin ce, amma shuka ba ta iya ɗibarsa daga iska. Waɗannan bakteriya su ke iyawa. Su kan kama shi su mai da shi abin da saiwa za ta sha, wake kuwa ya biya su da zaƙin da ganyensa ya yi cikin hasken rana. In aka tsaga ƙullin da farce aka ga cikinsa ja-ja, to, suna cikin aiki. Waɗansu masana biyu na ƙasar Jamus, Hellriegel da Wilfarth, su suka bayyana wannan asiri a 1886.

Manoman ƙasar Hausa sun san amfanin abin tun kafin a san dalilinsa. Shi ya sa su ke haɗa gero da wake, su kuma shuka hatsi bana a inda aka yi gyaɗa bara. Saiwa da ganyen da suka ruɓe su kan bar ƙarfi cikin ƙasa, harawa kuma ta shiga cikin dabbobi ta komo gona ta zama taki. Gawo ma dangin wake ne, yana da irin waɗannan baƙi a saiwarsa. Ga shi kuma da damina ya ke zubar da ganye, ba ya tare wa shuka rana. Kowane manomi ya san geron gindin gawo ya fi na fili.

Yaƙi da Hankali

In ƙwari suka yi yawa, manomi ya kan nemi maganin feshi, wani lokaci kuwa ba makawa sai da shi. Amma guba ba ta san aboki ba. Ta kan kashe tsutsa, ta kashe zanzaron da ke cin tsutsar, ta kashe ƙudan zuma. In aka yi ta fesa iri ɗaya kullum, 'yan kaɗan masu taurin rai su kan tsira su haifi irinsu, har a wayi gari maganin ba ya jin su. Sa'an nan ga maƙiyi ya dawo da ƙarfi, ga masu cinsa sun mutu. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Manomi mai hankali ya kan zaga gonarsa ya duba tukuna. In lalle sai an yi feshi, ya bi ƙa'idar da malamin gona ya faɗa, ya rufe hanci da jiki, ya bari sai da yamma lokacin da ƙudan zuma suka koma amya. Yara ba sa taɓa maganin, ba a kuwa zuba ruwan sha ko mai cikin kwalbarsa, ko an wanke ta. Farar da aka fesa wa magani ba a soya ta. Waɗansu manoma su kan daka 'ya'yan dogon yaro su jiƙa su kwana, su tace su fesa, gama yana hana tsutsa cin ganye.

Akwai kuma dabarun da ke rage bukatar guba. Wani ɗan ƙwaro ya kan saka ƙwai a jikin wake, tsutsarsa ta shige ƙwayar ta ci, bayan kamar wata ɗaya ta fito ta bar ƙofa. Cikin 'yan watanni sai buhu duka ya zama huji da gari. Mutanen dā su kan gauraya wake da toka ko yashi. Masana na Jami'ar Purdue ta Amurka, tare da na Marwa a ƙasar Kamaru, sun fito da buhu mai riɓi uku, leda biyu a ciki, buhun saƙa a waje. An fara yaɗa shi cikin ƙasashen Afirka ta Yamma a 2007. In aka ɗaure kowane riɓi tam, ƙwarin su kan shanye 'yar iskar da ke ciki su mutu, waken kuwa ya zauna lafiya ba a sa masa kome ba. A Disamba 2019 kuma Nijeriya ta amince da wani irin wake mai suna SAMPEA 20-T, wanda aka yi aikinsa a cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, Zariya. An ɗauko wani hali daga jikin wani bakteriya na cikin ƙasa aka sa masa, saboda haka tsutsar kwanso in ta ci shi sai ta mutu. Sauran ƙwari kuwa ba ya hana su, tilas manomi ya ci gaba da lura.

Yaron da ke zuwa gona yana iya taimakon mahaifinsa tun yanzu. In ya ga ɗan ƙwaron nan ja mai ɗigon baƙi, ya ƙyale shi. In ya ga ƙwarin darɓa sun fara taruwa a kan wake, ko tabon murzuna a zangarniya, ya gaggauta faɗa wa manya, gama rigakafi ya fi magani. Kada ya cinna wuta a amya don kwaɗayin zuma, domin wanda ya ƙone ƙudan zuma bana, shi zai nemi kabewa baɗi ya rasa.

Tambayoyi

1. Ta yaya a ke rarrabe ƙwaro na ainihi da gizo-gizo?
2. Me ya sa kabewa ke bukatar ƙudan zuma, gero kuwa ba ya bukata?
3. Wace ɓarna ƙwaron darɓa ya yi a shekarar 1975?
4. Me a ke sawa cikin 'yan buhunan da a ke ratayewa don maganin murzuna?
5. Mene ne amfanin ƙulle-ƙullen da ke saiwar wake?
6. Don me ya fi kyau a yi feshi da yamma?